Mai Askin da Yake Ji da Ido

A bakin layinmu, tsakanin shagon Tela da wurin mai facin taya, akwai wani ɗan shago da tabarma biyu za su cika shi. Kujera ɗaya ce a ciki, irin mai juyawar nan, sai dai ta daɗe da yin ritaya daga juyi. Sai dogon benci a jikin bango, sai madubi. Madubin nan kuwa ya fi ƙarfin shagon, daga wannan bango yake har wancan. Mutane kan ce Mai Aski madubi ya fara saya, sannan ya gina shago ya kewaye shi.

Shi Mai Askin gajere ne, mai ɗan tumbi, kuma kansa babu gashi ko na magani. In aka tsokane shi sai ya ce ai talla ce, don a ga iyakar ƙwarewarsa. Kunnen Unguwa ake ce masa, saboda babu abin da zai faru a layin nan bai sani ba. Wanda matarsa ta yi yaji, wanda ya sayar da babur ya ce sace shi aka yi, wanda ke neman auren bazawarar bayan layi a ɓoye, duk suna cikin kansa. Ba ya yawo, ba ya leƙen gidan kowa. Yana tsaye yana aski labari ke zuwa ya same shi.

To ga abin da ba a sani ba: Kunnen Unguwa ba ya ji. Yana saurayi ya yi aiki a injin yanka katako, ƙarar ta yi ta cin kunnuwan a hankali, har ya zamana in mota ta yi masa hon sai dai ya ji a ƙirjinsa. Da ido yake ji. Baki yake kallo. Amfanin madubin ke nan: ya juya wa benci baya, injin aski na ta kuka, 'yan zaman benci su ɗauka ƙarar ta rufe su, su sunkuya suna raɗa, shi kuwa gogan yana kwashewa tas daga leɓɓansu.

Mai ɗakinsa kaɗai ta san wannan. Ba ta taɓa yi masa magana daga baya ba, sai ta dafa kafaɗarsa ya juyo. In aka yi sallama a ƙofa sai ta taka masa ƙafa, ya miƙe yana cewa, "Wa nake ji kamar wane?" alhali ita ta faɗa masa sunan da leɓe. Haka suka yi ta rufa wa juna asiri har 'ya'yansu mata suka girma suka yi aure a nesa.

Sai annoba ta shigo. Aka rufe kasuwa, aka rufe makarantu, aka ce kowa ya zauna a gida. Ana cikin zaman ne tari ya kama mai ɗakin nasa, numfashi ya soma gagararta, motar asibiti ta zo ta ɗauke ta. Sau ɗaya aka bar shi ya gan ta, ta bayan gilashi. Ta gan shi, ta ɗaga hannu, ta yi masa magana mai ɗan tsawo. Amma robar shaƙar iska ce ta rufe bakinta, duk ta yi gumi. Mutumin da ya iya karanta raɗa daga ƙarshen benci, ranar nan ko kalma ɗaya bai samu ba. Ya gyaɗa mata kai kawai, kamar ya gane. Ba ta dawo ba.

Da ciwon ya ɗan lafa, ƙaramar hukuma ta fito da shirin farfaɗo da masu ƙananan sana'o'i. Kuma gaskiya sun yi ƙoƙari, kada a ci haƙƙinsu. Suka zo da a-kori-kura, suka sauke wa kowane shago bokiti mai famfo, da sabulun ruwa, da kwalin takunkumi. Mai Aski har sabon injin aski mai caji ya samu, da tukunyar dafa ƙarafan aiki. Suka shafa wa bencinsa jan fenti wuri-wuri: nan a zauna, nan kar a zauna. Mai jagorantar aikin wata Duba-gari ce, doguwa, mai farar riga, 'yar sa'ar 'yarsa ta biyu. Ta tsaya ta yi masa dogon bayani ta cikin takunkumi. Ya ga girarta na hawa tana sauka, ya yi ta cewa, "To, 'yata. Haka ne. Allah ya yi albarka."

Sharaɗin buɗe shago dai ɗaya ne, shi ma a jikin hoton da suka manna a ƙofa ya gane shi: babu mai shiga sai da baki a rufe.

Aiki ya dawo, ba laifi, don kowa ya fito daga kulle da suma kamar sheƙar tsuntsu. Wajen askin bai sha wuya ba. Kan kowa a layin nan ya san shi, baƙo kuwa sai ya nuna masa hotunan bango ya zaɓa. Amma in ya ɗaga ido ya dubi madubi, sai ya ga idanu kawai a jere, da ƙyallaye masu launin shuɗi suna kumbura suna lotsawa. Ga Tela nan, abokin faɗansa na shekara da shekaru. Ga Direba, wanda bai taɓa yin tafiya ya dawo ba tare da ya kusa mutuwa a hanya ba. Duk suna nan, amma kamar an sa su a kwalba an rufe.

"Hira suke yi," in ji shi a ransa. "Wataƙila ma da ni ake. Wataƙila an yi mini tambaya na yi banza da mutum."

Don kada ya yi katoɓara sai ya ja bakinsa ya yi gum. Kunnen Unguwa, wanda a da sai an roƙe shi ya yi shiru a samu a kirga canji, ya koma daga "zauna" sai "tashi."

In ya rufe shago da yamma ya koma gida, ya dafa abin da ya iya, ya ci a cikin tukunya. Sai ya jawo kujera har gaban talabijin, don mai karanta labarai ce kaɗai ta rage a garin da bakinta yake a buɗe. In ta ce, "Masu kallonmu, barkanku da war haka," sai ya ce, "Barka kadai, ya aiki?" Ya kan ɗan jira kuma, ko za ta amsa.

Wata rana yana yi wa wani dattijo gyaran fuska, dabara ta faɗo masa. Ai ba a aske gemu ta kan takunkumi! Washegari ya sanar cewa duk wanda ya yi askin kai, gyaran gemu kyauta ne, wai gudummawarsa ce ga farfaɗo da al'umma. Kafin ka ce wani abu ya saɓule maka takunkumi ya lafta kumfa. Wani malamin makaranta da gemunsa bai wuce 'yan tsirarun gashi ba, shi ma bai tsira ba. Direba ya yi wata da watanni yana kiwon nasa, ya ɗan yi gyangyaɗi a kujera, ya farka ya ga haɓarsa kamar ƙwai.

Sai dai akwai abin da gogan bai lissafa ba. Mutum da aska a maƙogwaro ba ya hira. Bakin ya buɗe, amma ya ƙi motsi. Sai Mai Aski ya koma shafa wa na benci kumfa tun layi bai zo kansu ba, wai gashin ya jiƙa. Suka zauna jugum kamar an yi musu fenti, suna kallonsa, yana kallonsu.

A haka Duba-gari ta same su. Mutum uku a benci da takunkumi a wuya, ɗaya ma a kan jan fentin yake zaune. Ta tsaya a ƙofa ta fara magana, hannunta na nuna nan yana nuna can. Mai Aski ya saki fara'a.

"Madalla, 'yata. Allah ya ƙara girma. A gaida manya."

Ta sake magana, wannan karon jijiyar wuyanta a miƙe.

"Wallahi muna godiya. Bokitin nan ba ya yoyo ko kaɗan."

Sai ta buɗe jaka ta fito da kwaɗo, irin babban nan da ake garƙame shagon wanda ya karya doka. Wannan kam ba ya bukatar fassara. Mai Aski ya dubi kwaɗon, ya dubi kujerarsa, ya tuna ɗakin da zai koma ya zauna tun safe har dare. Ya ajiye askar da ke hannunsa.

"'Yata," ya ce, kuma da ƙarfi muryar ta fito, har mai facin taya ya leƙo. "Ba na ji. Duk abin da kika faɗa, yau da wancan zuwan, ban ji ko ɗaya ba. Kurma ne ni. Bakin mutane nake kallo, kun zo kun rufe. Ba taurin kai ba ne. So nake kawai in ga wani yana magana."

Duba-gari ta tsaya da kwaɗo a hannu. Can ta ja da baya har tsakiyar titi, ta sauke takunkuminta. Ashe yarinya ce ƙarama, har da wushirya.

"Baba," ta ce a hankali, "yanzu kana gani?"

"Ras nake gani."

"Me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Ke in sunanki Kunnen Unguwa, za ki faɗa?"

Tela ya taso da kumfa a fuska, ya fita ya tsaya nesa da ita kaɗan, ya juyo.

"Kai, tsohon banza! Wace hira kake zaton muna yi?"

"Wadda kuka saba. Ina ganin ƙyallen yana motsi."

"Numfashi ne, sakarai! Ko shi ma mu daina? Tun da ka sake buɗe shagon nan babu wanda ya ce uffan. Mun ga ka yi shiru, muka ce rashin mai ɗakinka ne, ba ka son surutu. Ni da nake da ɗinki jibge, kullum in zo in zauna in taya ka shiru, har bakina ya yi tsami!"

Mai Aski ya ɗauki tawul kamar zai goge wa wani kumfa, sai ya goge idonsa.

Direba ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya leƙa madubi, ya leƙa benci, ya dafe kai.

"Tsaya, tsaya. Ranar da na raɗa wa Tela zancen bazawarar nan, a nan ka gani?"

"Har da inda ka ce ta fi matarka iya tafiya."

"Innalillahi! Ni kuwa na yi wata biyu ina gaba da Tela!"

Duba-gari ta mayar da kwaɗonta jaka tana danne dariya. Ba ta yafe kumfar ba, sai da ta sa kowa ya wanke fuska a bokitin hukuma. Amma bayan 'yan kwanaki a-kori-kurar ta dawo da rumfar tampol da ƙarafunanta. Aka fito da kujera da benci waje, aka ƙara tazara, ta ce a sararin iska mai magana da Baba zai iya sauke takunkumi in yana daga nesa. Madubin ne ya ƙi fitowa ta ƙofa. Aka juya shi ta kowace fuska, ya ƙi. Yana nan ciki har yau, yana kallon bango.

Yanzu in za a yi wa Mai Aski magana sai an zo gabansa, kuma abin da aka ga dama ake faɗa masa. Raɗa ta ƙare. Masu ita sun koyi juya ƙeya, wasu kuma daga cikin gwanayenta annobar ta tafi da su, wurarensu ne ma fentin ya hau. Labarin layi sai ya kwana biyu kafin ya iso shi, ya huce, kowa ya gama da shi. Yara sun daina ce masa Kunnen Unguwa, ba don an hana su ba.

Tela dai yana zuwa. Ya kan jawo kujerarsa ya zauna daga can, ya wage baki kamar kada, yana jan kowace kalma.

"KAA... CII... AA-BIN-CII?"

"Rage bakin nan, ni ba likitan haƙori ba ne."

"Ka ci ko ba ka ci ba?"

"Na ci."

"Ƙarya kake."

"To ƙarya nake. Ci gaba da magana dai, ina kallo."