Kalmar da Ta Kai Yaya Hajara Dagumawa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata, Malama Hajara, Allah Ya jiƙanta. Har yau akwai masu cewa taurin kai ne ya hana ta ci gaba a aikin koyarwa. Saboda su nake wannan rubutu.

Turanci take koyarwa a wata makarantar 'yan mata a nan Wudil. Wata shekara ana shirin tarbar babban baƙo, shugaban makarantar ya rubuta jawabi, ya ce ta sa wata ɗaliba ta haddace. A ciki akwai "our respect and confidence in you". Yaya ta same shi a ofis.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "respect da for yake tafiya, confidence kuma da in. In an jera sunaye biyu irin waɗannan, kowanne sai a ba shi tasa: our respect for and confidence in you."

Ya ce ba ta kai matsayin gyara wa mai digiri Turanci ba.

"To a ba wani malamin," in ji ta. "Makon jiya na sa wa yarinyar nan jan biro a kan wannan kuskuren. Ba zan ce ta haddace shi yau ba."

Kafin a yi hutu aka mayar da ita makarantar ƙauyen Dagumawa. Baba ya ce ta je ta ba da haƙuri, mijinta ma haka. Ta ce da ladabi ta shiga, da ladabi ta fito, ba ta ga laifin da za ta nemi gafararsa ba. Haka ta yi ta zirga-zirga tsakanin Wudil da Dagumawa a bayan babur, rani da damina, har ciwo ya kwantar da ita.

Yanzu waya ce ke rubuta wa yaranmu wasiƙa. Nakan yi tunanin abin da za ta ce. Ba na jin za ta yi faɗa da wayar. Ce wa ɗalibar za ta yi, "Ajiye ta, ki gaya min me ya kawo for nan."

Ba ta taɓa riƙe makaranta ba, babu ajin da aka sa wa sunanta. Amma bara wata mata ta tsayar da ni a kasuwa, ta ce ɗalibar Yaya ce a ƙauye, yanzu ita ke koyar da malamai Turanci. Ta tambaye ni ko ni ma ina koyarwa.

Na ce ina yi, kuma ban fi Yaya sauƙi ba.