Turmina Ya Samo Mana Ɗaki a Damagaram

Mata, ku ji abin da ya faru yau!

Kun san Rabi ƴata za ta fara jami'a ran Litinin. Sai da muka zuba gero a rumbu na baro Tanut neman ɗakin haya. Dillali ya ce, "Hajiya, kin makara. Tun damina ɗalibai suka kwashe ɗakuna."

Saura guda, a saman bene. Daga tasha muka wuce, turmin Rabi a kaina. Mai gidan na ganinsa ya ɓata rai. "Ba a daka a bene, baiwar Allah. Ga injin niƙa bakin titi."

Na ce, "Malam, furar inji ka ba wanda ka raina! Riƙe benenka!"

Na juya ke nan, sai murya daga ciki: "Wace ce mai turmi?"

Ashe uwarsa ce, tsohuwa ƴar Belbeji! Ta ce, "Kai Sani, buɗe mata ɗakin ƙasa. Rabona da furar daka tun da ka kawo ni garin nan."

Ya ce, "Amma Inna..."

Ta ce, "Buɗe!"

Wallahi ga makulli a hannuna!