Buhun da ya tona mini asiri a hanyar Belbeji

Ana sallame sallar asuba muka ɗaga daga Damagaram, ni da taubashina mai motar ɗaukar kaya, da karyata Guguwa kwance a baya bisa tsohon bargo. Motar tasha kam ban ma gwada ba. Wane direba zai yarda kare ya zauna kusa da mai alwala? Shekara da shekaru rabona da garin kawuna, can bayan Belbeji, don haka zumuɗi ya hana ni karin kumallo. Sai dai a ƙarƙashin murnar akwai tsoro.

Ga abin da ke ƙasa. Ni mai sayar da dusa da harawa ne, Guguwa ce ke gadin shagona. Irin karnukan Buzaye ce, mai dogayen ƙafafu da siririn ciki, kawuna ne ya ba ni ita tana kwikwiyo. A wurinsu ba a sayar da irin wannan kare, amana ake bayarwa, kuma wanda ya bayar yana iya karɓe abinsa idan ya ga an wulaƙanta. To, tun farkon damina na daina dafa mata komai, na koma saya mata abincin karnuka na kanti, ƙwayoyi ja da kore a buhu mai hoton wani ƙaton kare yana lashe baki. Ba a jima ba gashinta ya soma zuba, ga amai, ga kasala. Labari ya kai wa Kawu, ya aiko da saƙo guntu: a kawo ta ya gani. Shi ya sa na ɗora buhun nan a mota. Shi ne shaidata, Kawu ya ga ba rowa na yi mata ba, cimar 'yan gata take ci.

Kai, ƙasar Damargu da ke arewa da mu, a ƙarshen damina abin kallo ce. Daga Bakin Birji gero ya yi zangarniya dama da hagu, har ba ka ganin mutum sai hularsa. Mun tsaya mun sha furar da aka dama da nonon safiya, kwanon da zai kwantar da ƙato, a kuɗin da a birni ko shayi ba zai ba ka ba. Taubashina ya shanye nasa ya miƙa hannu kan nawa, wai mai tafiya da kare ai ya riga ya ƙoshi da zunubi. Na ce masa motarsa ma tun da muka taso take haushi, ba wanda ya tanka mata.

Gudron ɗin, wato kwalta, wani wuri sumul, wani wuri rami ne ke bin rami. Da hantsi muka shiga Tanut, ranar ta yi daidai da hada-hadar bisashe. Raƙuma, tumaki, Fulani da sandunansu, Buzaye da rawunansu, kowa na ciniki da Hausa. Na sayi cuku na kai wa likitan bisashe Guguwa. Matashi ne mai sanyin magana. Ya duba idonta da dasashinta, ya tambayi abin da take ci, ni kuwa na sauke buhu ina taƙama. Ya karanta Faransancin da ke jiki, ya ce an rubuta hatsi da ragowar dabba, amma ba a faɗi wace dabba ba, ba a faɗi wane sashenta ba, kuma ranar lalacewar ta goge. Ya ba ta magani, ya ce in dakatar da abincin nan take.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce a zuciyata, yaro ya yi boko yana son ya nuna mini. Abin da aka ƙetaro teku da shi ne zai kashe kare? Na mayar da buhuna mota ina ƙunƙuni.

Daga nan muka bar gudron muka kama hanyar rairayi zuwa yamma. Mota na rawa, mu ma muna rawa, kaina ya gaisa da rufi ba sau ɗaya ba. Amma daɗi nake ji kamar yaro ranar salla. Ga tabkuna cike da ruwa, ga shanu sun yi ɓul-ɓul, iska kuma na kawo ƙanshin ɗanyar ciyawa.

A Gangara muka tsaya shan shayi. Ina sauka wata mai sayar da ƙosai ta nuna bayan motar ta ce, "Malam, jini ke zuba a kayanku." Na duba, jan ruwa na ɗiga kan rairayi. Innalillahi, na ce shi ke nan Guguwa ta tafi. Ban san lokacin da na haye motar ba. Sai ga ta tana kallona tana kaɗa wutsiya, ko ƙwarzane babu. Ashe jarkar ruwanmu ce ta kife a kan buhun, ta jiƙa shi sharkaf.

Na kwance bakin buhun na zura hannu. Jajayen ƙwayoyin da nake kira nama sun saki launinsu a hannun farar rigata, sun narke sun koma wani abu fari-fari. Na murza shi a yatsu, na kai hanci. Jama'a, dusar masara ce. Sana'ata ce, ko ido rufe na san ta. Kuma ba mai kyau ba, irin wadda ruwa ya taɓa a ajiya ta yi fumfuna, ga ƙarnin tsohon mai, ga wasu tsiraran abubuwa kamar dakakken gashin kaza. Da wani ya kawo mini irinta shago, da zagi zan kore shi. Awakin kasuwa suka yi caa a kanmu, na dinga korarsu, don ko akuyar maƙiyina ba zan bari ta ci ba. Guguwa kuwa ta kawar da kai. Taubashina ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi, ya ce, "Sarkin dusa ya sayi dusa da kuɗin kilishi."

Rana ta yi ja muka wuce Belbeji muka isa zangon Kawu. Karnuka suka fito da gudu, uwar Guguwa a gaba, tsohuwa amma jikinta na sheƙi. Bayan doguwar gaisuwa Kawu ya durƙusa ya shafa haƙarƙarin Guguwa ɗaya bayan ɗaya. Bai kalle ni ba. Ya ce, "Ɗan ƙanwata, me take ci?" Na ajiye buhun a gabansa na ce, "Kawu, na kawo shi ya wanke ni, sai ya kama ni." Ya kwance igiyar wuyanta ya miƙo mini, wato ya karɓe amanarsa ke nan.

Nan na ga yadda suke yi. Kafin a raba wa mutanen gida, matar Kawu ta ɗebi tsakin gero dafaffe daga tukunyar da za mu ci, ta zuba nono a kai, ta ajiye wa karnuka. In an yi yanka, da rabonsu. Guguwa ta sansana, ta lasa kaɗan, can ta sa kai ta suɗe ƙwaryar. Wallahi sai da na juya baya na goge ido.

Mun yi 'yan kwanaki, ina ba ta maganin likitan da na raina. Amai ya tsaya. Ranar da za mu taso zomo ya gilma, ta bi shi tare da 'yan'uwanta, tana baya amma gudu take yi. Na yi tsalle ina kirari, rawanin da aka ara mini ya warware. Na juya wurin Kawu ina jiran ya ce in ɗauke ta. Ya ce, "Sai haƙarƙarinta ya ɓuya. In ka dawo, ka taho da ƙwaryar da za ta ci a ciki, ka faɗa mini wa zai dafa."

Muka juyo da buhun gero da cuku, bayan mota babu kowa. A Tanut na tsaya na ba likita haƙuri. Abin da na koyo bai wuce wannan ba: duk dusar da zan sayar wa ragon wani sai na zura mata hannu na sansana, amma hoto da Faransanci suka hana ni yi wa tawa dabbar haka. Yanzu ni ke kwana a bakin shago ina gadin dusa. Igiyar Guguwa na rataye a ƙusa, sabuwar ƙwarya na ƙarƙashinta, kuma na roƙi mai ɗakina ta koya mini dafa tsaki da hannuna.