Maigadin Bayan Kalanda

Jiya na ɗaga kalanda, wani faffaɗan gizo-gizo ya ruga a karkace, sai na tuna marigayi surukina a Samaru. Akwai irinsa a ɗakinsa, yana kiransa Maigadi.

Yakan ce mini, "Dubi ƙafafunsa a baje kamar na ƙaguwa. Ba ya saƙa, kyankyasai yake farauta. Kada ki taɓa shi."

Ranar da ya tafi Sabon Gari, na maka wa Maigadi silifas. Da ya dawo na ce, "Baba, ina jin ƙaura ya yi."

Ya sunkuya. "To 'yata, ya manta ƙafa ɗaya a takalminki."

Ban taɓa ba shi haƙuri ba. Na jiyan dai na mayar masa da kalandarsa. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe mana.