Ƙafar da baban Zuwaira ya ƙi matsawa

Shekara tara ke nan cif da rasuwar maigidana. Ban yi boko ba, autata Zuwaira ce ke rubuta abin da nake faɗa, tana jira in share hawaye mu ci gaba. Sunansa ba zai fita bakina ba ko a jarida. Waɗanda suka san shi a Maradi za su gane.

Aikinsa tausa. Ya koya a asibiti, hannun wani likitan ƙashi, irin tausar Turawa da ake yi da mai, ana jan tsoka a hankali zuwa sama. Da ya bar aiki sai Alhazan kasuwa suka riƙe shi. Wanda ya kwana biyu cikin mota ya dawo da baya a sandare, shi ake aika wa. Maza kaɗai yake taɓawa, amma wannan bai rage mini komai ba. Yakan shigo gida da la'asar hannunsa na ƙamshin mai, ni kuwa ƙafata ta hagu na mini zugi tun safe.

Ƙafar nan ta kumbura bayan haihuwar Zuwaira. Likita ya ce jini ne ya daskare cikin jijiya. Ta sace, ta sake kumbura bayan wasu shekaru, jijiyoyin suka fito kamar igiya. Tun ranar farko bai ƙara matsa ta ba. Na roƙa, na yi fushi, na hana shi magana kwana uku.

"Malam, ko sau ɗaya. Ƙattin kasuwa sun fi ni ne?"

"Sun fi ki lafiyar jijiya," in ji shi. "In na matsa nan gudan jinin ya tashi ya tafi huhu, wa zai riƙa yi mini faɗa?"

Sai ya ɗauko matashi ya ɗora ƙafar a kai. Sau da yawa na yi shuri da matashin nan.

Ba ni kaɗai ya hana ba, na sani. Kafin ya zuba mai sai ya tambayi mutum: akwai zazzaɓi? Akwai ƙurji ko ciwo a fata? Hawan jini fa, an auna? Wani manomi daga Jiratawa ya zo da sangalin ƙafarsa a kumbure, da zafi, bai taɓa shi ba, ya goya shi a babur zuwa asibiti. Amma waɗannan baƙi ne. Ni matarsa ce, shekara talatin da ɗoriya.

Bara a wajen suna a Tsibiri, wata Hajiya ta kama hannuna ta ce, "Har yau Alhaji na cewa babu hannu irin na mijinki." Na ce mata Allah Ya ji ƙansa. Na kasa cin shinkafar. Mijinta ya san abin da ni ban sani ba game da nawa mijin.

Yanzu gidajen tausa sun buɗe a gari. Watan jiya Zuwaira ta ga ina ɗingishi, ta kai ni wani a unguwar Zariya. Yarinyar da ke tausa a wurin mai fara'a ce. "Kwanta, Inna," ta ce, ba ta tambaye ni komai ba, ga ni kuwa ina shan maganin tsinka jini. Na kwanta. Ta buɗe kwalba, ƙamshin ya cika ɗakin, wallahi na so in yi shiru. Abin da na nema rabin rayuwata ga shi ya zo, babu mai hana ni.

Da yana raye da ya tsaya bakin ƙofa ya ce mata, "'Yata, kin duba ƙafar kuwa?" Da yake ba ya nan, ni na faɗa. Na janye ƙafata, na nuna mata jijiyoyin, na gaya mata sunan abin da likita ya ce. Ta rufe kwalbar tana ba ni haƙuri. Na yi kuka cikin adaidaita har gida.

Bai bar gona ba, bai bar kanti ba. Alhazai sun sami hannunsa, ni na sami shekara tara bayansa ina zuwa kasuwa da ƙafata. Na san wanda ya fi samu cikinmu. Duk da haka in na hangi tsohon Alhajin nan, mijin Hajiyar, yana tafiya masallaci da bayansa a miƙe, sai in kau da kai. Allah Ya gafarta mini, Ya kai rahama kabarin baban Zuwaira.