Filin Hadiza a Faifan Babanta

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana. A unguwarmu ta Briqueterie an fi saninsa da Sani Ordinatar, saboda gyaran kwamfuta da yake yi a wani ɗan shago kan hanyar Mokolo. Ni ban taɓa kiran sunansa ba, Baban Hadiza nake ce masa, kuma haka zan kira shi a nan.

Karatuna bai yi nisa ba, amma nakan kai masa abincin rana, in zauna a benci in kalli aikinsa. Da yawan masu kawo masa na'ura abu ɗaya suke so, a yi mata formate, wato a share faifan ajiyarta a sabunta. Shi ba ya son taɓa hotunan allo. Baƙin allo yake buɗewa ya rubuta umarni da hannunsa. Ya taɓa yi mini bayani da misalin da zan gane. Ya ce faifai fili ne. Da farko a yanka shi kashi-kashi, kamar rabon gado. To amma fili ba gida ba ne, ba ka ajiye kaya a ciki sai ka ja ɗakuna ka sa ƙofofi. Umarnin da ke jan ɗakunan shi ne mkfs, kuma duk abin da ya tarar a filin rushe shi yake yi. Sunayen filayen kuwa kamar tagwaye suke, sda2, sda3. Ka kuskure lamba ɗaya, ka rushe gidan maƙwabci.

Saboda haka yana da wata al'ada. In ya gama rubuta umarnin sai ya ɗauke hannuwansa ya ɗora a cinya, ya karanta sunan filin da ƙarfi, ya juya ga mai kaya ya ce, “Ka yafe?” Wata rana wani mai sayar da atamfa ya fusata, ya ce, “Malam Sani, formate na ce, ba neman gafara ba! Me na yi maka?” Ya yi dariya ya ce, “Alhaji, ba ni za ka yafe wa ba, abin da ke ciki za ka yafe. Da-na-sani ƙeya ce.” Sai a lokacin Alhajin ya tuna hotunan hajjin mahaifiyarsa suna ciki.

Yau rigunan waya ake sayarwa a shagon nasa. Yara suna goge abin da aka yi shekaru ana tarawa a waya da ɗan yatsa suna tafe suna hira. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya gani. Ina jin zai so saurin, don ba mai ƙin sabon abu ba ne. Abin da zai dame shi shi ne babu mai tsayawa ya tambayi kowa.

Kwamfutarsa ta gida ya yanka faifanta uku. Ɗaya na tafiyar da na'urar, ɗaya na hotunanmu da muryarsa yana koya wa 'yarmu Hadiza Fatiha. Na ukun ya bar shi fili, bai ja masa ɗaki ko ɗaya ba. Ya ce na Hadiza ne, in ta girma ta gina da hannunta. Da ya rasu na lulluɓe na'urar da zane, na hana kowa taɓawa.

Bana Hadiza ta shiga jami'a, fannin babanta take karanta, kuma tana bukatar na'ura. Na daɗe ina ƙi. Ta kwafe hotunan da muryar a ɗan clé, abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ta damƙa mini, na ce na ji, amma ni inda hannunsa ya ajiye su nake so su zauna. Tsorona lambar nan ɗaya ce.

Ran wata Asabar bayan la'asar, ana yayyafi, na yaye zanen da kaina. Ta buɗe baƙin allon, ta duba jerin filayen, ta rubuta umarnin. Sai na ga ta ɗauke hannuwanta ta ɗora a cinya. Ban taɓa koya mata wannan ba.

“Mama, sda3. Na uku, ba na biyu ba. Kin yafe?”

Na ce, “Ke kuma, ai babu komai a ciki. Me zan yafe?”

Ta ce, “Baba ya ce ko babu komai a tambaya.”

Ashe akwai abu a ciki. Muddin filin yana nan babu gini, ni a raina bai gama aikinsa ba, kamar zai dawo ya ƙarasa. Wannan tunanin nake riƙe da shi duk shekarun nan.

Na ce, “Na yafe.”

Ta danna. Rubutu ya gudu a allo, ya tsaya. Ta buɗe fili na biyu ta kunna mini muryarsa, tana nan yadda ya bar ta.

Bai bar mana gida ba, haya muke har yau. Ya bar wa 'yarsa fili a cikin faifai, da hannun da ya san ya dakata kafin ya rushe. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Allah Ya jiƙan Baban Hadiza, Ya yafe masa, shi da bai taɓa share kayan wani ba sai da ya tambaya.