Tsutsar da ta ƙi mutuwa

A shekarun mulkin farar hula na biyu ina saurayi, ina noma tare da mahaifina a wani ƙauye kusa da Danchadi. Gero da dawa ne abincinmu, da rani kuma mu sauka fadama mu yi albasa. Amma akwai wata gona gabas da gari inda Baba yake shuka auduga, wadda a wajenmu ake ce wa kaɗa.

Babbar matsalar kaɗa ita ce wata tsutsa koriya da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Takan huda ƙwallon kaɗar tun yana ɗanye, ta shige ta cinye cikinsa. Shekarar da aka kawo mana maganin feshi da injin da ake goyawa a baya, ni na fara goya shi. Washegari muka tarar da ƙasa cike da matattun tsutsotsi. Da kaka gonar ta yi fari fat, har matafiya suna tsayawa kallo.

Haka muka yi ta yi, damina bayan damina. Sai zamani ya juya. Sabulu ya yi wuya, taki ya ɓace, maganin ma sai an je Bodinga an sha yawo kafin a samu. A irin wannan shekarar ce na yi feshi, muka dawo muka iske tsutsa tana cin abinta. Na ƙara wa maganin ƙarfi har idanuna suka yi ja, hannuwana suna raɗaɗi. Ita ko a jikinta. Mutanen gari suka ce jabu aka sayar mana.

Labari ya kai ga malamin gona, wani mutum mai sanyin magana da aka turo yankinmu daga Sakkwato. Wata safiya ya zo a kan babur da gwangwani ɗaure a baya. A ciki akwai tsutsotsin da ya tsinto a Kajiji, a ɗan lambun kaɗa na wata tsohuwa da ba a taɓa yi wa feshi ba. Ya ce in tsinto namu. Ya shimfiɗa ganyen kaɗa a faifai biyu, ya zuba kowanne rukuni daban, ya fesa musu magani daga kwalba guda, wadda muke zargi.

Muka zauna a inuwa muna jira. Kafin azahar tsutsotsin tsohuwa sun nannaɗe sun yi baƙi. Namu kuwa suna tafiya a kan ganyen, suna ci, alhali warin maganin yana hawa mana kai.

Baba ya ce, "Malam, wanga wane irin abu na?"

"Baba, magani bai lalace ba," in ji malamin. "Tun feshin farko akwai 'yan kaɗan da Allah ya yi su da juriya. Sauran sunka mutu, su sunka tsira, sunka yi fiffike, sunka zuba ƙwai. Ɗiyansu sun gado su. Kowace damina kuna kashe masu rauni, kuna bar ma masu ƙarfi gonar."

Baba ya ɗauki guda ya ɗora a tafin hannunsa. Ta ɗaga kai tana lalube, 'yar mitsitsiya, ko ƙashi babu. Ya daɗe yana dubanta.

"Da yatsa guda nika murje ta," ya ce a hankali. "Amma ta sha dafi ta tashi, har ta bar ma jikokinta gado. Tsarki ya tabbata ga wanda ya halicce ta."

Ni da nake jin kaina wani abu idan na goya injin nan, ranar na ga ashe duk shekarun da hannuna nake renon abin da ya gagare mu.

Kaɗar da muka tsinta a shekarar ba ta taka kara ta karya ba. Bisa shawarar malamin, muka tumɓuke kararen muka ƙone, muka kafce ƙasar don rana da tsuntsaye su sami tsutsotsin da suka ɓuya a ciki. Damina ta gaba gero da wake muka shuka a wurin.

Da muka koma wa kaɗa, 'yan kunyoyi kaɗan muka yi, feshi sai ya zama dole, kuma da wani maganin daban. Sauran aikin da hannu ne, da sassafe, kowa da gwangwaninsa yana tsintar tsutsa. Ni nakan kai ƙarshen kunyata rana ba ta yi zafi ba. In na waiwayo, sau da yawa Baba yana can tsakiyar tasa, tsaye, ya ɗaga ganye yana kallo.